Madubin da Aka Saya wa Baba Nomau

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona bayan la'asar sun daɗe suna cewa babu sana'a mai sauƙi irin tawa. A ganinsu, aikina shi ne in je Kano in ɗauko kwali, in jera kaya a kanta, mai so ya zo ya ɗora a ido, ya ga hasumiyar masallaci ta taso masa, ya yi dariya, ya biya ya tafi. Ɗaya ma ya ce da zai samu jari, gobe zai buɗe irin nawa a bakin titin Sheme. Ban hana kowa ba. Amma kafin mutum ya zuba jarinsa, ya kamata ya ji abin da ke cikin sayar da madubin hangen nesa. Na kusa shekara talatin ina yawo da shi tsakanin kasuwannin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kuma akwai lokacin da madubi guda da ya fita daga hannuna ya kusa raba wani dattijo da aikin da ya yi duk rayuwarsa.

Madubin farko da na taɓa buɗewa na wani alhaji ne da ya sayo shi a Makka. Ya faɗo daga kan babur, in ka duba sai ka ga komai biyu-biyu. A lokacin ina zaune wurin Malam Iro, mai gyaran agogo da tabarau a Funtuwa. Ban gaji sana'ar nan ba. Mahaifina manomi ne, ni kuma da tallan batir da tocila na fara, har na lura masu gyara sun fi masu talla daɗewa a kasuwa. Malam Iro ya turo mini madubin ya ci gaba da aikinsa. Kwana biyu ina kwance shi ina goge gilasai ina mayarwa, abu na nan biyu-biyu. A rana ta uku ya karɓa, ya ɗaga robar jikin da farce, ya nuna mini wasu ƴan kusoshi da ba su kai ƙwayar gero ba.

Ya ce, "Ga inda ciwon yake, kai kana can kana wanke mai fuska. Nemi abu guda dogo, turken wutar can ya isa. Ka riƙa juyawa kaɗan-kaɗan har biyun su koma ɗaya. In ka yi gaggawa ka wuce, sai ka sake daga farko."

Har azahar ina juyawa. Daga shi na koyi cewa madubin da idanunsa biyu ba su daidaita ba, ko mutum bai ga abu biyu ba, ciwon kai zai hana shi amfani da shi.

Kayan aikina ba su cika gwangwanin alewa ba: sukundireba ƙanana guda biyar, ƴar robar hura iska, burushi mai laushi, tsumman goge tabarau, da kwalbar sifirit. Abin da ya fi kashe madubi a ƙasar nan shi ne bakin riga. Mutum ya ga yashi a gilashi, ya tofa miyau ya murza da rigarsa. Sau goma ya yi haka, gilashin ya dushe, kuma babu gyara. A fara hurawa, a share da burushi, sannan tsumma.

A jikin kowane madubi akwai lamba biyu, misali 8x42. Ta farko tana faɗin sau nawa yake jawo abu. Zabuwar da ke nisan taku tamanin za ta zama kamar tana taku goma. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne, inda haske ke shiga. Duk wanda ya shigo shagona, lamba ta farko yake tambaya, kuma babba yake so. Abin da ba su sani ba shi ne duk abin da madubi ya ƙara maka ta wani gefe, sai ya rage maka ta wani. In lamba ta yi girma, filin da kake gani sai ya tsuke. Hasken ya ragu. Rawar hannunka ma sau adadin lambar take ƙaruwa: ka hau dutse kana haki ka ɗora mai ashirin, sai ka ga bishiya tana tsalle kamar an ɗora ta a jaki.

Shi ya sa ba na miƙa wa maharbi madubi sai na tambaye shi inda yake farauta. Wanda ke hawa duwatsun wajen Faskari da rani, bayan an kwashe amfanin gona, yana hangen fili har inda ido ya ƙare, shi mai goma nake ba shi. In ya nace sai mai sha biyu, sai ya yi mini alkawarin yanko gwafa ya riƙa ɗora shi a kai, kuma ya sani in rana ta take, ƙasa ta fara kawalwalniya, babbar lamba kawalwalniyar za ta jawo masa ba barewa ba. Wanda kuwa ke shiga kurmin wajen Sabuwa, inda doka da marke da geza suka haɗe, ba ka ganin abin da ya wuce jifa biyu, shi mai bakwai ko mai takwas ya kamace shi. A kurmi nama ba ya nisa, ɓoyuwa yake yi. Abin da kake bukata shi ne fili mai faɗi da haske, ka ɗaga ka same shi nan take, ka ga abin da ke gefensa.

Akwai kuma lambar ƙarya. Za ka ga ɗan madubin roba da bai fi tafin hannu ba an rubuta masa sittin sau sittin. Gwajinsa ba wuya. Ka fuskanci katangar bulo, ka sa ido ɗaya a madubi, ɗayan ka bar shi a buɗe. Bulo guda na cikin madubi zai hau kan na waje. Ka ƙirga bulo nawa ya rufe, wannan ita ce lambarsa ta gaskiya. Na sha ƙirga shida a madubin da aka rubuta wa sittin.

Ba maharba kaɗai ke saye ba. Akwai masu gadin masara daga birai, da makiyayin da ke neman saniyar da ta ɓalle, da masu duban wata. Amma maharba su ne gindin cinikin, shi ya sa shekarar da daji ya rufe na ji jiki. Kowa ya san abin da ƴan bindiga suka yi a yankinmu. Mutane suka daina shiga daji, wasu ƙauyuka suka tashi, kuma aka kai matsayin da in an ga madubi a jakarka sai ka yi bayani mai tsawo. Ni da kaina na kwashe kaya daga kanta na zuba a akwati, don ban yarda in sayar wa fuskar da ban sani ba. Na koma tocila da batir, inda na fara. Damina ta wuce a kan akwatin. Da na buɗe, fiye da rabin madubai sun yi fumfuna a ciki, wani farin zare-zare kamar yanar gizo ya ci gilashin. Na tsira da kaɗan. Tun daga nan ba na rufe madubi a wuri mai danshi, kuma duk mako sai na fitar da su sun sha iska.

Na faɗi wannan ne don ku gane halin da nake ciki ranar da Tanko ya zo.

Lokacin abubuwa sun ɗan lafa a ɓangarensu, maharba sun fara fita kusa-kusa. Tanko magidanci ne mai kimanin shekara arba'in, daga wani ƙauye a bayan Mabai, manomi kuma maharbi. Ya zo ranar kasuwa da mutum uku daga ƙungiyarsu. Ƙungiyar gauraye take: akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai waɗanda ke kan addinin kakanni. Ƙanen mahaifin Tanko, Baba Nomau, yana cikin na ƙarshen, kuma shi ne idon ayarinsu. Tsarinsu shi ne in sun shiga daji shi yake gaba. In an ga motsi, babu mai ɗaga bindiga sai Baba Nomau ya duba ya yi fito. Fito ɗaya, nama ne, a harba. In ya yi shiru, kowa ya sauke. Sama da shekara talatin yana wannan aiki ba a taɓa harbin abin da bai kamata ba. Amma a shekarun da aka zauna gida, ganinsa na nesa ya ɗan ragu, shi ne suka haɗa hannu za su saya masa madubi.

Tanko ya yi firamare, shi ke karanta lambobin. Ya ɗauki ɗaya ya ajiye, ya ɗauki wani, har ya kai kan mai ashirin.

Na ce, "Ina za ku da shi?"

Ya ce, "Kurmin wajen Damari, Alhaji. Can abokanmu suka gayyace mu bana."

Na ce, "To ajiye wannan. Ga mai takwas."

Suka kalli juna. Ɗaya daga cikinsu, wani Bitrus, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, mai takwas ai shi ka sai wa Tanko bara. Kana nufin mu kai wa Baba daidai da na ɗansa?"

"Ba a gwada shi da shekaru, da wurin farauta ake gwadawa."

Tanko ya ce, "Alhaji, mu dai a wurinmu in an kasa nama, babban kaso na babba ne. In an zo da tulu, shi ke fara sha. Ko tabarma aka shimfiɗa, wadda ta hi faɗi tashi ce. Mi za mu ce in ya tambaya wane ya hi girma cikin kayanka, muka ce mun baro shi a kanta?"

Na sake yin bayani, amma ban yi shi da ƙarfin da ya kamata ba. Wata uku ke nan ban sayar da madubi ko ɗaya ba. Na san ba zai yi masa aiki ba, na ce a raina zai gwada ya ga bai yi ba su dawo mu canza. Na naɗe musu mai ashirin. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora shi a kan kowa ba.

Bayan mako uku Tanko ya dawo shi kaɗai. Bai tsaya gaisuwa mai tsawo ba, ya zauna a bencin nan ya ba ni labari. Sun shiga kurmi da hantsi. Aka ga geza tana motsi a gaba. Baba Nomau ya ɗaga madubi, ya daɗe yana lalube, sannan jan gashi ya cika masa ido, irin na mazo, naman dajin nan mai kama da barewa. Ya yi fito. Tanko ne ya harba. Ashe jan maraƙi ne na wani Bafulatani, kuma matar mai maraƙin tana tsugune taku uku daga gefensa tana ɗaure itace. Maraƙin ya mutu, ita Allah ya tsare ta, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Dattawa sun shiga tsakani an sasanta da mai shanun.

Na ce, "Alhamdu lillahi da abin ya tsaya a dabba. Baba fa?"

"Shina gida. Ya rataye bindiga da jaka. Ya ce in har da madubin da ya hi kowane girma bai ga mutum ba, to idonsa ya ƙare. Ranar Lahadi Sarkin Baka, shugaban maharbanmu, zai tara mu a naɗa wani. Tun ran nan ko ƙofar gida bai zama, Alhaji. Mutumin da in ya yi fito daji ke tsayawa."

Na yi ta juya maganar bayan tafiyarsa. Na san mai ashirin a kurmi kamar leƙe ta cikin kara ne, ba za ka ga abin da ke taku uku daga gefe ba ko idonka na shaho ne. Amma ban san ko idon nasa ma ya tafi da gaske ba. In ya tafi, to ajiye aikin shi ne daidai, kuma duk wanda ya lallashe shi ya koma ya ɗauki alhakin ran mutum. Ba lallashi ya kamata in je yi ba, gwaji ya kamata.

Cikin waɗanda suka tsira daga fumfuna akwai wani tsohon madubi na gwanjo, 7x50, jikinsa ƙarfe, da gidansa na fata. Nauyinsa ya ninka na mai ashirin ɗin roba. Shekaru yana kanta babu mai so, don duk wanda ya karanta bakwai sai ya ajiye. Na kwance shi na goge, na daidaita idanunsa da turken wuta kamar yadda Malam Iro ya koya mini, na sa a jaka. Ranar Asabar da safe na hau babur na nufi bayan Mabai.

Na same shi a cikin gida, gindin rumbu, yana tufka igiya. Dogo ne, ƙasusuwansa manya. Muka gaisa.

Ya ce, "Alhaji mai madubi. Ka zo karɓar kayanka? Shina can ɗaki, ɗauki abinka. Bai yi laihi ba."

Na ce, "Baba, ya yi laifi, ni ma na yi. Na san ba na kurmi ba ne na sayar."

"Kul. Kada ka zo gidana ka yi mani wayon kasuwa. Yara sun ce shi ne babba."

"Shi ne babba a lamba. Ɗauko shi in nuna maka abu."

Tanko, da ya shigo bayana, ya ɗauko. A tsakar gidan akwai turmi, da tulu a gefensa kamar taku uku. Na ja shi muka koma can bakin danga, na ce ya duba turmin ya faɗa mini abin da ya gani.

Ya daɗe yana nema. Ya ce, "Ga itace nan, shina rawa."

"Tulun fa?"

"Babu tulu."

Na karɓa na miƙa wa Tanko, wanda idonsa garau yake. Na ce ya duba turmi ya nuna mana tulu. Ya duba, ya sauke, ya sake dubawa. Ya ce, "Wallahi Baba ni ma ban ga tulu ba."

Na fito da na ƙarfen na ɗora wa tsohon a tafin hannu. Hannun ya ɗan yi ƙasa don nauyi. Na rufe masa gilashin dama na juya zoben tsakiya har ya ce turmin ya fito sarai, sannan na rufe na hagu na juya zoben idon dama, don idanun mutum biyu ba su cika zama ɗaya ba, balle na tsoho. Na ce ya manne gwiwar hannunsa da ƙirji ya duba.

Ya ce, "Ga turmi. Ga tulu. Ga kaza tana shan ruwan da ya zuba." Ya sauke ya dube ni. "Wannan lambarsa nawa?"

Tanko yana bayansa yana yi mini alama da ido in ƙara. Na ce, "Bakwai ne, Baba."

"Bakwai. Ƙasa da na Tanko ke nan."

"Ƙasa da na Tanko da ɗaya. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma shi ne na kurmi."

Ya auna shi a hannu, ya shafa gidan fatar. Ya ce, "Turmi bai gudu, Alhaji, kuma ni na san inda tuluna yake. Wannan ba shaida ba ce."

Na ce, "Gaskiyarka. Shi ya sa nake so gobe a gwada ka a gaban jama'a, a cikin kurmi, da abin da ba ka san an ajiye ba. In ka faɗi, ni zan fara cewa ka ajiye."

Ya kalle ni da kyau. Ya ce, "Kai ba ka da kunya, ko? To a yi."

Washegari da hantsi aka taru a bakin wani rafi da ke yammacin ƙauyen, inda kurmi ya yi duhu. Maharba sun kai ashirin. Sarkin Baka, wani dattijo Musulmi mai suna Malam Garba, ya saurari bayanina, ya ce ya yarda amma shi zai shirya gwajin, ba ni ba, ba kuma Tanko ba. Aka juya wa Baba Nomau baya aka zaunar da shi. Sarkin Baka ya ɗebi mutum biyu da jar akuya suka shige. Ya dawo shi kaɗai, ya raɗa mini abin da ya yi: an ɗaure akuyar a bayan geza, Bitrus kuma ya lulluɓa da buhu mai ruwan ƙasa ya tsuguna kusa da ita, ɗayan ya zagaya ya fita.

Kafin a fara, wani daga baya ya ce, "An ce hwa ƙaramin madubi aka kawo wa Baba."

Baba Nomau ya miƙa masa na ƙarfen ya ce, "Zo ɗaga." Mutumin ya ɗaga. Ya miƙa masa mai ashirin ɗin, "Ɗaga wannan." Ya ɗaga. "Wane ne ƙarami?" Aka fashe da dariya. Sannan ya ce, "Lambarsa bakwai ce, Alhaji bai ɓoye mani ba, ni ma ban ɓoye maku. Ku matsa."

Aka kai shi inda Sarkin Baka ya ja layi a ƙasa. Ni da ke tsaye a gefensa, da idona ban ga komai ba sai ganye. Bai ɗaga madubin nan da nan ba. Ya tsaya yana kallon kurmin da idonsa, kansa a ɗan karkace. Can wani reshe ya motsa. Ya ɗaga, ya manne gwiwar hannu yadda na nuna masa. Kowa na jiran fito. In ya yi fito, ya faɗi.

Ya daɗe. Ya juya madubin a hankali zuwa dama, ya dawo hagu. Ya sauke.

Sarkin Baka ya ce, "Nomau, muna sauraronka."

Ya ce, "Ranka shi daɗe, akuya ce, ja, da igiya a wuya. Kunnenta na hagu a tsage, ta gidan Mati ce. A damanta akwai buhu, buhun kuma shina da ƙahwa, ƙahwar tana cikin takalmin taya. Bitrus ne, don babu mai babban yatsa irin nashi a ƙasar nan."

Dariya ta ɓarke. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Ban gama ba. Wa kuka aje a bayan marken can?"

Sarkin Baka ya ce, "Babu kowa. Mutum ɗaya na bari."

"To akwai mutum. Shuɗin zane, tana duƙe."

Aka aika mutum biyu. Suka dawo da Bitrus yana kakkaɓe tururuwa, da akuya, da wata tsohuwa riƙe da ƙwarya rabi da ganyen miya, tana faɗa wai an hana mutum tsinkar ganye a rafin ubansa. Babu wanda ya san ta shiga.

Sarkin Baka ya bari hayaniya ta lafa, ya ce, "Wanda ke da magana ya yi." Babu wanda ya yi. Ya ce, "To Nomau, je ka sauke jakarka daga inda ka rataye ta."

Baba Nomau ya ce yana da sharaɗi biyu. Na farko, daga yau Bitrus zai riƙa tafiya a kafaɗarsa yana koyon duba, don ido ba ya dawwama, kuma ba ya so ranar da nasa zai tafi da gaske a gane ta da gawa. Na biyu, ko ya ga nama a madubi, sai ya duba dama da hagu kafin ya yi fito, wanda ba zai iya jira ba ya koma gida. Aka amince.

Mai ashirin ɗin na karɓe shi na bar masa na ƙarfen a madadinsa. Daga baya wani mai gadin gona a kan dutse ya ɗauke shi, ya kafa masa gwafa, yana ganin birai tun suna sauka daga wancan tsauni. A can ya dace.

Bayan kwana goma sha biyu, ina cikin goge kaya da hantsi, sai ga Tanko a kan babur da ƙunshin ganye ɗaure a baya. Ya sauke a kan kanta ya buɗe. Cinyar gada ce, ɗanya, da sauran ɗuminta.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Daga Baba. A wurinmu cinyar dama ta wanda ya fara ganin nama ce, ko ba shi ya harba ba. Da aka miƙa mai sai ya ce ba tashi ba ce shi kaɗai, a kawo ma."

Na tsaya ina kallon naman. Tanko ya gane abin da nake tunani, ya yi dariya.

"Ya san za ka tsaya. Tana faɗuwa ya hana kowa taɓa ta, ya ce a kira Malam Garba da wuƙarsa. Ya ce in gaya ma, Musulmi ya yanka, da bisimilla da komai. Ci abinka, Alhaji."